TSH daidai, FT4 ƙasa: an ce tayrod ɗin ƙanwata lafiya lau, amma jikinta ya ƙi

Malama daga Funtuwa:

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san karatun takardar gwajin jini ya taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Maganar ƙanwata ce mai bi na, shekararta 29. Shekara biyu ke nan da ta haifi ɗanta na uku. A gida ta haihu, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle mata. Kafin a samu motar da za ta fito da ita daga ƙauye har ta suma, sai da aka ƙara mata jini leda huɗu. Allah ya tashi kafaɗunta, muka yi ta godiya. To amma ruwan nono bai zo ba, ko ɗigo. An dama mata kunun kanwa, an jiƙa mata sassaƙe iri-iri, shiru. Da madarar gwangwani yaron ya tashi, alhali yayyensa biyu har yaye nono ya ishe su. Al'adarta kuma tun daga nan ba ta dawo ba. Da farko manya suka ce ai mai goyo ce, suka manta ba ta shayarwa.

Yanzu tana wajena, don na ga abin ya wuce a zuba ido. A watan Afrilu, lokacin da kowa ke neman inda iska za ta buge shi, ita tana tsakar gida cikin rana da zane biyu a jikinta, tana cewa sanyi take ji. In ta ɗauki tsintsiya, rabin tsakar gida za ta share ta nemi turmi ta zauna. In ta miƙe da sauri jiri ya kwashe ta. Magana sai ka jira ta, muryarta ma ta yi kauri. Fatarta ta bushe, ta ɗashe, da safe fuska a kumbure. Ranar da nake mata kitso gashi ya yi ta bin mataji, a nan ne ta rage murya ta ce mini ta daɗe rabonta da aski a hammata da gaba, don babu abin da ke fitowa. Wannan ko mahaifiyarmu ba ta gaya wa ba.

Dangin mijinta wasu sun ce ragwanci ne, wasu sun ce sammu. Maganin maleriya da taifot kuwa ta sha har ta gaji.

Na kai ta wani asibitin kuɗi aka ɗebi jini. Ga abin da ke cikin takardar, da ma'aunin da suka rubuta a gefe:

TSH 1.7, ma'auni 0.4 zuwa 4.0
FT4 6.2 pmol/L, ma'auni 12 zuwa 22
PCV (ma'aunin yawan jini) 29
Sodiyam 129, ma'auni 135 zuwa 145
Awon jini 90 bisa 60

Wanda ya duba mu ya ɗora biro a kan TSH ya ce tayrod lafiya lau, ƙarancin jini ne kawai, ya rubuta maganin ƙarin jini. Ni ba likita ba ce, lissafi nake koyarwa, amma na ga 6.2 kusan rabin 12 ne. In TSH daidai yake, me ya sa FT4 ya faɗi haka? Wanne za a gaskata? Ko na'ura ce ta yi kuskure? Ba ta da maƙoƙo, wuyanta sumul yake.

Maman 'Yan Biyu:

Wa alaikumus salam. Sannu Malama, Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da kika ɗauko ta. Wanda ya zubar da jini irin wannan yakan daɗe bai mayar ba, ku dage mata da zogale da hanta da alayyahu tare da maganin da aka rubuta. Amma maganar gashin nan da rashin nono ta tsaya mini a rai, ban taɓa jin ƙarancin jini ya yi haka ba. Abu ɗaya zan ce ki bincika a hankali: ko tana shan maganin ƙiba, irin sha-ka-fashe ɗin nan, ko tana shafa man canza fata. Mata da yawa in sun rame bayan haihuwa ƙawaye na ba su, kuma ba za su faɗa ba sai an lallaba.

Ɗan Lab:

Malama, idonki ya ga daidai. A ɗakin gwaji nake aiki, kuma wannan takarda ba wadda za a ce da ita "lafiya lau" ba ce.

Ba a karanta TSH shi kaɗai a gefe, a karanta FT4 shi kaɗai a gefe. Tare ake karanta su, saboda ba wuri ɗaya ke yin su ba. FT4 sinadari ne mai tafiyar da saurin aikin jiki, daga tayrod yake fitowa, wata halitta da ke gaban wuya. TSH kuwa daga fituwitari yake, wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa a bayan idanu, nauyinta kusan rabin giram. Ki ɗauka fituwitari mai gona ne, tayrod ɗan ƙodago, TSH kuma muryar mai gona. In aiki ya yi rauni mai gona zai ɗaga murya. In kika iske gona cike da ciyawa mai gona kuma yana magana a hankali kamar babu abin da ya faru, to matsalar tana wajen mai gonar.

Da tayrod ɗin ƙanwarki ce ta gaza, da FT4 na 6.2 sai mu ga TSH ya haura sama sosai, ashirin, hamsin, wani lokaci fiye da ɗari. Ita 1.7 ta ba mu. Lambar tana cikin ma'auni, amma ma'aunin nan na mutumin da FT4 ɗinsa ke daidai ne. Ga wanda FT4 ya faɗi rabi, 1.7 ya yi kaɗan ƙwarai.

Dalilin da ya sa ake yawan tsallake wannan shi ne, mafi yawan masu ƙarancin sinadarin tayrod ciwon a wuya yake, TSH kuma yana kama shi nan take. Shi ya sa aka saba duba shi kaɗai, wasu wuraren ma shi kaɗai ake aunawa don rage kuɗi. Kun yi sa'a an haɗa muku da FT4.

Duk da haka, kafin a ɗora wa fituwitari laifi akwai abubuwan da mukan tambaya, don su ma suna kawo irin wannan hoton. Mutum yana kwance cikin ciwo mai tsanani aka ɗebi jinin? Tana da ciki? Tana shan deksa ko furednisolon, kamar yadda Maman 'Yan Biyu ta taɓo, don suna danne TSH, suna danne wani sinadarin jiki mai suna kotisol ma? Mayukan bilicin da yawa akwai irin wannan sinadari a cikinsu, kuma fata na tsotsa. Tana shan maganin farfaɗiya irin kabamazafin ko fenitoyin? Tana shan ƙwayoyin gyaran gashi masu bayotin da yawa, waɗanda ke rikita wasu na'urori? An taɓa ba ta maganin rage aikin tayrod?

Na'ura takan yi kuskure, ba na musu. A sake gwajin biyun tare, in da hali a wani ɗakin gwajin daban. Ki kula da abin da aka rubuta bayan lamba: wasu suna ba da FT4 da pmol/L, wasu da ng/dL. Kowane 1 ng/dL kusan 12.9 pmol/L ne, don haka 6.2 ɗinku kusan 0.48 ne a ɗaya ma'aunin. Kada ki ga lamba ta canza ki ɗauka jikin ne ya canza.

Malama daga Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na zauna da ita daren jiya. Ba ta shan maganin ƙiba, ba ta shafa komai sai man kaɗanya, ba ta da farfaɗiya, an yi gwajin ciki babu. Da ƙafarta ta je aka ɗebi jinin, ba a kwance take ba.

Wani abu kuma. Maigidana ya nuna takardar ga wani mai kemis da suka saba, ya ce tunda FT4 ya yi ƙasa a fara ba ta tairoksin, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayrod, mai 100 kullum da safe, har ya ba shi kati ɗaya. Yana nan a kan firij ba mu ɓalla ba. Mu fara kafin mu samu ganin babban likita?

Dokta na Ɓangaren Manya:

Malama, kada ku ba ta ko ƙwaya ɗaya. Ki ɗauke katin daga kan firij ki ɓoye, kada wani ya ba ta don tausayi. Zan faɗi dalili.

Ban ga mara lafiya ba, kuma ba a yanke ciwo daga nesa. Amma labarin da kika bayar, tun daga zubar jini har suma, rashin ruwan nono, ɗaukewar al'ada, zubewar gashin hammata da gaba, jin sanyi, faɗuwar awon jini da sodiyam, sannan FT4 ƙasa TSH bai tashi ba, duk hanya ɗaya suke nunawa. Muna kiran shi ciwon Sheehan, da sunan Harold Sheehan, likitan Birtaniya mai binciken gawa wanda ya bayyana shi a 1937 daga matan da suka rasu bayan haihuwa.

Ga yadda abin yake faruwa. Lokacin goyon ciki fituwitari tana ƙara girma, saboda ƙwayoyin da ke yin furolaktin, sinadarin ruwan nono, suna yawaita don shirin shayarwa. Ta girma, amma tana cikin ɗan ramin ƙashi da ba ya buɗewa, jinin da ke ciyar da ɓangarenta na gaba kuma ta ƙananan jijiyoyi marasa ƙarfin bugu yake zuwa. In mace ta zubar da jini har awonta ya faɗi ya daɗe a ƙasa, wannan ɓangaren yakan rasa jini ya mutu, duka ko wani sashe. Matar ta tashi, kowa ya yi murna, ba wanda ya san abin da ya faru a ciki. A ƙasashen da ake tsayar da jinin haihuwa da wuri ciwon ya yi ƙaranci. A wajenmu, inda haihuwar gida da nisan asibiti da neman jinin ƙari ke cin sa'o'i, muna ganin sa, kuma sau da yawa sai bayan shekaru ake gane shi, bayan an sha kiran matar raguwa.

Ɓangaren nan na gaba ba tayrod kaɗai yake ba umarni ba. Shi ke yin furolaktin, shi ya sa nono bai zo ba. Shi ke yin FSH da LH masu tayar da ƙwan mace, shi ya sa al'ada ta ɗauke. Shi ke yin sinadarin girma. Shi ne kuma ke yin ACTH, wanda ke umartar adirinal, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su fitar da kotisol. A nan haɗarin yake.

Kotisol shi ke riƙe awon jini da sukarin jini, musamman lokacin da jiki ya shiga matsi, kamar zazzaɓi ko amai da gudawa ko tiyata. Mai ƙarancin kotisol da ƙarancin tayrod tare yakan lallaɓa ya rayu saboda komai na jikinsa a hankali yake tafiya. Ranar da aka ba shi tairoksin, jiki zai ƙara sauri, buƙatar kotisol ta ƙaru, ɗan wanda yake da shi kuma hanta ta ƙara saurin ƙone shi. Sai amai, sai awon jini ya faɗi, sukari ya faɗi, mutum ya fita hayyacinsa. Ana mutuwa da wannan. Ƙa'idar da ba ma karyawa ita ce a auna kotisol tukuna, in ya yi ƙasa a fara haidurokotizon, maganin da ke maye gurbinsa, sannan daga baya a kawo tairoksin. Awon jininta na 90 bisa 60, da sodiyam 129, da jirin da take ji in ta miƙe, sun sa ina zargin kotisol ɗinta ya yi ƙasa.

Wani zai ce in fituwitari ta lalace me ya sa TSH bai koma sifili ba. Ƙwayoyin da suka tsira suna ci gaba da fitar da shi, na'ura tana ƙirga shi, amma ba shi da ƙarfin tayar da tayrod yadda ya kamata. Shi ya sa a irin wannan ciwo za a iya ganin TSH ƙasa, ko daidai, ko ma ya ɗan haura ma'auni kaɗan.

Abin da za ku yi a wannan makon, ba wata mai zuwa ba: a ɗebi jinin kotisol da safe tsakanin ƙarfe 8 da 9, don lokacin ne yake kan ganiyarsa, na yamma ba ya gaya mana komai. In ya gaza 3 µg/dL, wato kimanin 80 nmol/L, ƙaranci ya tabbata. In ya wuce 15 µg/dL, kimanin 415 nmol/L, da wuya a ce akwai ƙaranci. Abin da ya faɗo tsakani sai an yi wani gwajin da ake yin allura a ga yadda adirinal za su amsa. A wannan ɗiban a sake TSH da FT4 da sodiyam da sukari, a haɗa da furolaktin da FSH da LH da estiradayol, wato sinadarin mata. Karatun FSH irin na TSH ne: mace ta shekara biyu ba al'ada, da ƙwanta ne ya gaza da FSH ya yi sama sosai, in aka same shi ƙasa ko tsakiya to daga sama matsalar take. In kuɗi bai kai duka ba, kotisol ne farko.

Hoton MRI na kai yana da amfani, don ƙari a fituwitari ko kumburinta bayan haihuwa su ma suna kawo irin wannan. A ciwon Sheehan da ya daɗe yawanci ramin ake gani kusan wayam. Hoton zai iya jira a tara kuɗi, sai dai in tana ciwon kai mai tsanani ko ganinta ya ragu ta gefe-gefe, tana karo da ƙofa ko ba ta ganin mai zuwa ta gefenta.

Daga Funtuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya fi muku kusa, akwai kuma na Malam Aminu Kano. Ku nemi ɓangaren masu kula da ciwon suga da sinadaran jiki. Ki ba su labarin haihuwar tun kafin ki miƙa takarda, da maganar nono da al'ada da gashi, ko da tana jin nauyi. In kafin nan ta fara amai, ko zazzaɓi, ko barci mai nauyi, ko rikicewa, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, ki ce musu ana zargin ƙarancin kotisol, a duba sukarinta a yi mata allurar haidurokotizon.

Mai Haƙuri:

'Yar'uwa, ina karanta bayaninki hawaye na zubo mini, don ni aka yi wa wannan ciwon. Shekaru na yi ana kai ni wajen masu ruƙiyya da masu magani kafin wata likita ta tambaye ni ko na shayar da autana. Tambayar da ta buɗe komai ke nan. Ki gaya wa ƙanwarki ba ragwanci ba ne, kuma ana samun sauƙi sosai. Yau ina sana'ata, ina girki, ina zuwa biki.

Ga abin da zama da shi ya koya mini. Tairoksin da asuba nake sha da ruwa zalla, in jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini da na ƙashi sai bayan awa huɗu, don suna hana shi shiga jiki. Haidurokotizon kuma kashi-kashi ne, mai yawan da safe ina tashi. Ranar da zazzaɓi ya kama ni ninka shi nake yi yadda likitata ta koya mini, in kuma amai ya hana shi zama, asibiti kai tsaye don allura. Akwai 'yar takarda a jakata mai sunan ciwon da magungunan, maigida da babbar 'yata sun san inda take. Ba a bari ya ƙare a ce sai an yi albashi.

Abin da nake so ki riƙe da kyau: bayan ta fara tairoksin, TSH ɗinta zai faɗi ƙasa sosai. Nawa kusan sifili yake. An taɓa duba takardata a wani wuri aka ce magani ya yi mini yawa a rage, na ce a'a sai na koma wajen likitata. Ta ce masu irin ciwonmu ba a bin TSH, FT4 ake bi, ana so ya zauna daga tsakiyar ma'auni zuwa sama. Ranar gwaji kuma sai an ɗebi jinin nake shan na ranar.

Maganar azumi kada ta yanke da kanta, ta zauna da likita tun kafin watan ya kama.

Malama daga Funtuwa:

Jama'a Allah ya saka muku da alheri, ya biya ku da gidan Aljanna. Mun je, an gan mu. Kotisol na safe 61 nmol/L. FT4 da aka sake 5.9, TSH 2.1. Furolaktin da FSH da LH duk ƙasa. Likitan ya ce ciwon da Dokta ya ambata ne, ya fara mata haidurokotizon a ranar, ya ce tairoksin sai mun koma, kuma da kaɗan za a fara. Katin kemis na mayar. Jirin ya ragu, jiya ta ci tuwo ta nemi ƙari.

Mijinta ya zo, na zaunar da shi na karanta masa bayanan nan, jikinsa ya yi sanyi. Tambaya biyu ya bar ni da su, ita ma na san suna ranta: maganin na har abada ne? Kuma za ta sake haihuwa?

Dokta na Ɓangaren Manya:

Alhamdu lillahi, Malama. Sashen da ya mutu ba ya dawowa, don haka ku ɗauka maganin na tsawon rai ne, kuma kada jin sauƙi ya sa ta daina haidurokotizon, daina shi farat ɗaya ya fi komai haɗari. Bayan an fara tairoksin za a sake FT4 cikin mako 6 zuwa 8, a gyara adadin a kansa.

A shekarunta za a yi mata maganar mayar da sinadaran mata, estirojin da furojestaron, don kare ƙashinta da dawo mata da al'ada da jin daɗin zaman aure. In na baki aka ba ta, yakan sa a ƙara tairoksin, don haka a sake gwaji bayan an fara. Al'adar da za ta gani da wannan magani ba ta nufin ƙwai ya fara fita.

Haihuwa tana yiwuwa. A irin wannan ciwo yawanci ba a mahaifa ko ƙwai matsalar take ba, umarni ne ba ya zuwa, kuma akwai alluran FSH da LH da likitocin mata ke tayar da ƙwai da su. Suna da tsada, suna buƙatar bibiya, kuma ba a fara su sai kotisol da FT4 sun daidaita, jininta ya cika. Wasu ƙalilan da ciwon bai cinye duka ba sukan samu ciki haka nan, don haka in ta ga alama ta gaya wa likitanta da wuri, ta ci gaba da magungunanta, a ƙara mata tairoksin yadda cikin ke buƙata. Haihuwar kuma a babban asibiti za a yi ta, inda za a ba ta haidurokotizon ta jijiya lokacin naƙuda, da jini a ajiye.